Neman Sitalet ɗin Hamisu Bayan Shekara Goma

A wannan watan ne taubashina Hamisu Bakanike ya cika shekara goma cif a ƙasa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in tsuke, domin akwai wata magana tsakanina da shi da ban so a tona. Bana kuwa bakin ya ƙi rufuwa. Wallahi tun makon jiya nake tare mutane a hanya ina ba su labarin nan, har maiɗakina ta ce don Allah in rubuta wa jarida ko kunnuwan gidan sa huta. To ga shi na rubuta.

Hamisu ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, kuma mun ba taubasantaka haƙƙinta har da ƙari. Ni malamin lissafi ne, na yi yawancin aikina a Funtua. Shi kuwa garejinsa na nan Daura, a bakin hanyar Zango. Yana kirana Malam Biyu-da-biyu, ni kuma ina kiransa Likitan Gwangwani, kuma ko a gaban surukai ba mu fasa. Mota iri ɗaya ya sani kamar yunwar cikinsa, wato Sitalet, 'yar ƙaramar motar nan mai guntun baya wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama. In ka kawo masa wata mota zai duba maka don kunya. In ka kawo Sitalet kuwa, sai ya miƙe tsaye tun kana nesa kamar ya hango ɗan uwa.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma a wancan lokacin in ka shiga tashar Daura da hantsi, Sitalet ce ko ta ina. Mai zuwa Zango, mai zuwa Sandamu, mai zuwa Baure, mai zuwa Kongolam, duk ita ce. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhunan gero a but har ƙofar ta ƙi rufuwa a ɗaure ta da igiya, wani lokacin ma da ɗan akuya yana leƙo kai. Ni dai kullum cikin yi mata ba'a nake, ina cewa gwangwanin madara ne aka yi wa taya. Hamisu sai ya ce, "Gwangwanin nan ne ya kai ka ɗaurin aurenka, Malam, kuma shi ya dawo da kai."

Aikinsa da kunne yake yi. Zai ɗora kan wani siririn ƙarfe a jikin injin, ya kara ɗaya kan a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce kowa ya yi shiru. Jim kaɗan sai ya buɗe ido ya faɗi abin da ke damun motar, kuma da wuya a buɗe a tarar ba shi ba ne. Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk injin da ya sauke ya gyara, sai ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga masa ɗigo uku, a jere kamar duwatsun murhu. A motocin mutane kan injin kaɗai yake bugawa. Tasa motar kuwa, wata koriyar Sitalet da ya kwance ɗaya bayan ɗaya ya sake ɗaurawa da hannunsa, babu inda bai buga mata ba: gefen ƙofofi, ƙarƙashin sitiyari, jikin giya, har ƙarfen kujeru.

Jinyarsa ta ƙarshe ta kai wata biyu. Wata rana bayan la'asar na zo duba shi, yana kwance a kan tabarma a zaure, motar tana ajiye a ƙofar gida inda zai riƙa hango ta. Ya nuna ta da haɓa ya ce, "Lawal, ka ga motar can? Kai za a ba riƙon kayan marayu. Ka sayar, ka kyautar, ka yi yadda magada suka so. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ta hau sikeli." Na gane abin da yake nufi. 'Yan gwangwan yake tsoro, masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda kan sare mota da gatari su auna ta a sikeli su loda wa babbar mota. Na so in yi masa tsiya kamar yadda na saba, na ga idonsa babu wasa. Na ce na ɗauki alkawari.

A nan ne abin kunyar yake, kuma yau zan faɗe shi a bainar jama'a. Bayan rasuwarsa hutun da aka ba ni a makaranta ya ƙare, hankalina ya koma Funtua, ga rabon gado a wuyana. Wani dillali ya zo ya ce akwai mai son motar, zai riƙa hawa. Ban tambayi sunan mai son ba, ban tambayi garinsu ba, na miƙa makulli na hau mota na tafi abina. Sai daga baya wani ya ce mini ai dillalin nan sana'arsa ke nan, tara tsofaffin motoci ya kai Kano a sassare. Na sha jinin jikina. Maimakon in bi sawu, sai na yi abin da matsoraci kan yi, na ƙi tambaya don kada in ji amsa. Haka na yi ta ɗauke da abin nan a ƙirji shekara da shekaru, ko maiɗakina ban gaya wa ba.

Wadda ta fasa ƙwan ita ce Zulai, 'yar autar Hamisu. Tana 'yar shekara goma sha biyu ya rasu, yanzu ta gama koyon aikin jinya, har ta iya tuƙi. Ta zo gaishe ni da ƙaramar Sallah, na riga na yi ritaya na dawo Daura, muna cikin hira sai ta ce, "Baffa, wai ina motar Baba take yanzu? Ko gani ne in yi, a cikinta yake kai ni makaranta." Bakina ya riga hankalina, na ce ai tana nan tana aiki a wani wuri. Ta ce, "Wane wuri, Baffa?" Na ce zan bincika. Bayan fitarta na zauna na dafe kai. Na ci amanar uba, yanzu kuma na yi wa marainiyarsa ƙarya ido na ganin ido.

Sai malamin lissafin da ke cikina ya motsa. Na ce bari in fara da abin da na iya, in ƙirga Sitalet nawa suka rage a kan hanya, in bi su ɗaya bayan ɗaya. In koriyar tana da rai, dole in ci karo da ita ko da wanda ya san labarinta. Na sayi ɗan littafi, na samu benci a wurin wani mai shayi kusa da tasha, na riƙa zama tun daga safe har azahar. Mako uku ina wannan aiki. Kun san nawa na gani? Huɗu. Huɗu tak, kuma ɗaya daga ciki ma janta ake yi da igiya. Ba ƙididdigar hukuma ba ce wannan, idon tsoho ɗaya ne a kan benci ɗaya, amma ta isa ta kashe mini jiki.

A zaman nan ne na riƙa tambayar kaina abin da Hamisu zai ce da zai leƙo Daura ta yau. Kurkura, keken nan mai ƙafa uku, ta cinye cikin gari, babura kuwa ba a magana. Motocin da ke zuwa Katsina da Kano duk manya ne masu santsin jiki. Na leƙa tsohon garejinsa na tarar wani matashi ya jona wa mota wata 'yar na'ura yana karanta ciwonta a fuskar waya, ko bonet bai buɗe ba. Na san da farko Hamisu zai yi tsaki ya ce a jona wa mai na'urar ita a ga me ke damun kunnensa. Amma na san halin mutumina. Mako ɗaya zai yi yana mita, a na biyu za ka tarar ya samo matacciyar kurkura ya baje cikinta a kan buhu yana nazari, a na uku kuma ya aro na'urar a ɓoye. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ganin kurar 'yan gwangwan tana wucewa da ƙofofin Sitalet a jibge, kuma sau biyu na ga hakan da idona daga kan bencin.

Mai shayin ne ya gaji da ni. Ya ce, "Wai Malam, me kake rubutawa kullum, ko harajin motoci aka ba ka?" Na gaya masa. Mutumin nan ya yi dariya har ya zubar da shayin da yake sheƙawa. Ya ce, "Haba Malam! Wa ya ce maka a kan kwalta ake neman Sitalet yanzu? Ai ta bar wa yara kwalta. Ka je Mai'adua ranar kasuwa, ka zagaya bayan kara, wajen dabbobi, inda masu shiga ƙauyuka ke lodi." Ashe kuskurena ke nan. Na zauna a tsakiyar gari ina jiran motar da ta koma hanyar rairayi, inda manyan motoci ke kafewa, ita kuwa don rashin nauyinta ta bi ta kai ta wuce.

Ranar kasuwa tun da sanyin safiya na hau babur. Na ratsa ta cikin shanu da raƙuma da masu igiya, na zagaya bayan kara kamar yadda aka ce. Jama'a, ina ma kuna wurin! Ga su nan a jere a gindin itatuwa, fara, ja, shuɗiya, wata ma ba ka iya cewa ga launinta don kowace ƙofa da nata fentin. Wannan ana ɗaura mata buhunan dawa, waccan an cusa mata tumaki uku a baya, wata an ɗora mata ƙyauren ɗaki a kai. Na fara ƙirga da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, na kai ashirin da uku. Ashirin da uku a wuri ɗaya! Wallahi sai da na yi kabbara, wani Bafillatani da ke kusa da ni ya ja da baya yana zaton aljanu ne suka taɓa ni.

Daga nan na shiga roƙon direbobi su buɗe mini bonet. Wasu suka ɗauka saye zan yi, wasu suka ɗauka taɓin hankali ne, amma suka buɗe. Na riƙa goge baƙin mai da gefen hulata ina dubawa. Ta farko babu. Ta biyu, ga ɗigo uku nan raɗau. Ta biyar ma haka, ta shida ma haka. Injin tara na samu da hannun Hamisu a jiki, duk suna tashi da bugu ɗaya, mai su kuwa ya shekara goma a kabari. Ina dariya ina share hawaye, farar rigata ta koma ta bakanike, ko a jikina.

Murnar ba ta daɗe ba. Na zo kan wata farar Sitalet, na riƙe ƙofar direba zan leƙa, sai yatsana ya ji wani abu a gefen ƙarfen. Na duba. Ɗigo uku ne, a jikin ƙofa, kuma inda farin fentin ya ɓare kore ne a ƙasa. Mota ɗaya ce a duniya Hamisu ya buga wa alama a ƙofa. In ƙofarta tana nan a jikin wata, to an kwance ta ke nan, an sassare, an sayar da abin da zai sayu, sauran ya hau sikeli. Na zauna a kan wani buhu.

Mai motar wani dattijo ne mai farin gemu, ana ce masa Malam Ilu, tsohon direban hanyar Zango. Ya daɗe yana kallona yana tauna goro. Can ya matso ya ce, "Kai ne Lawal, malamin lissafi, taubashin marigayi?" Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ka daɗe, Malam. Shekara goma muna jiranka."

Ya zaunar da ni a inuwa ya warware mini komai. Ashe kwana biyu bayan Hamisu ya ba ni amana, sai ya aika aka kira masa direbobi huɗu cikin abokan aikinsa, har da Malam Ilu. Ga abin da ya ce musu, kamar yadda dattijon ya maimaita mini yana kwaikwayon muryarsa: "Na ba taubashina amanar motata. Mutumin kirki ne, amma gaggawa gare shi, ba zai kai arba'in ɗina ba zai sayar wa wanda ya fara sallama. Ku sa ido. In ta fita, ku tare ta. Kuma kada wanda ya gaya masa, kada ku kunyata mini shi, sai ranar da ya zo nema da ƙafarsa." Haka kuwa aka yi. Ranar da dillalin ya ɗauki hanyar Kano, a kusa da Kazaure suka cim masa, suka haɗa hannu suka karɓe ta. Aka sake mata fenti, ta yi shekara shida a hannun Malam Ilu tana jigila tsakanin Zango da ƙauyuka, har ƙasanta ya gaji don tsufa da lodi.

Da ta kwanta, sai suka yi mata abin da suka ga Hamisu yana yi wa kowace Sitalet da ta mutu a hannunsa. Ba a sayar da ko ƙusa ɗaya ba. Wanda giyarsa ta lalace aka ba shi giya, mai neman sitiyari ya ɗauki sitiyari, kujeru suka tafi Baure, injin da ƙofa ɗaya suka zauna wurin Malam Ilu. Ya kama hannuna muka bi layin motocin nan yana nuna mini, wannan ga abin da ta samu, waccan ga nata. Mota shida a cikin waɗanda na ƙirga da safen nan suna yawo da wani abu na koriyar. Na ce, "To gangar jikin fa?" Ya ce, "Tana bayan gidana. Masu sikeli sun zo ya fi a ƙirga, har sun daina gaishe ni."

Washegari na ɗauki Zulai muka tafi ƙauyen Malam Ilu, gaba da Zango kaɗan. A hanya na gaya mata gaskiya duka, har da ƙaryar da na yi mata ranar Sallah. Muka isa. Ga gangar jikin nan a gindin wata bishiyar kanya, babu taya, babu ƙofa, babu gilashi, matar gidan ta shanya barkono a kan rufinta, kaza kuma ta yi ƙwai a inda kujerar baya take. Zulai ta zagaya ta sau biyu, ta shafa inda koren ya leƙo, ta yi kukanta mai isarta. Da ta share ido sai ta juyo ta ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, kwana nawa da rasuwar ka sayar?" Na ce talatin da biyu. Yarinyar nan ta fashe da dariya irin ta ubanta sak, ta ce, "Ashe ma alfarmar kwana takwas ya yi maka." Duk wanda ke wurin sai da ya dara, har da ni da ake yi wa.

Malam Ilu ya bari muka natsa, sannan ya ce shi fa ya tsufa, 'ya'yansa kuma ba su san Hamisu ba, ranar da ya kwanta dama ba ya da tabbacin abin da za su yi in mai sikeli ya sallama. Ya ce, "Mun riƙe maka iyakar ƙarfinmu. Ga amanarka nan." Ba mu bar garin ba sai da aka kwashe barkono, aka sauya wa kaza wuri, majiya ƙarfi suka ɗora gangar jikin a kan kurar shanu. Tafiyar da mota ke yi cikin ɗan lokaci ta cinye mana yini guda. Ni ina biye a kan babur a hankali, duk garin da muka ratsa sai an fito kallo, wasu direbobi kuwa da suka gane ta suka riƙa danna mana oda. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba tun da uwata ta haife ni.

Yanzu in aka tambaye ni me ya rage na Hamisu, ina da amsa ta lissafi: injin tara, da mota shida, da gangar jiki ɗaya, kuma na san wata rana duk za su tsaya, don ƙarfe ma yana da ajali. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Mutumin nan yana kwance yana fama da ransa, ya auna ni ya san zan kasa, bai fasa ba ni amanar ba don kada in ji an raina ni, kuma ya yi mini tanadin waɗanda za su rufa mini asiri har in dawo hankalina. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa yi wa ko ɗaya irin wannan ba. Allah Ya jiƙanka, Hamisu, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya saka wa Malam Ilu da abokansa da alheri.

Motar tana ƙofar gidana yanzu, na ɗora ta a kan bulo huɗu na yi mata rumfa. Maƙwabta na cewa na ɓata fuskar layi, ni kuwa na ce su kai ƙara inda suka ga dama. Shekaranjiya wani ɗan gwangwan ya tsaya da kurarsa, ya leƙa ta ciki da waje, ya ƙwanƙwasa rufin, ya sauko da sikelinsa ya ce, "Baba, ta sayarwa ce?" Na tashi daga kan tabarma, na ɗauki sikelin da hannuna na mayar masa cikin kura, na ce ya gaya wa sauran 'yan uwansa kada su wahalar da kansu zuwa layin nan muddin ina numfashi.